Takardar Shaidar Kyawun Hali da Tabon Ɗauri a Ƙasar Daura: Sharhi a kan Dokar Gidajen Gyaran Hali ta 2019

4.1 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin kotuna da gidan yari a ƙasar Daura, tun daga zamanin En'e har zuwa kafuwar kotunan shari'ar Musulunci a Jihar Katsina a shekarar 2000. A wannan babi kuwa za a ɗora Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 a kan ma'auni, musamman sashe na 14, wanda ya yi alƙawarin cewa duk fursunan da ya nuna kyawun hali za a ba shi takardar shaida, kuma wanda aka bai wa wannan takarda ba za a nuna masa bambanci ba saboda zaman ɗaurin da ya yi. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne, shi ya sa wa dokar hannu a shekarar 2019. Tambayar da za a bi diddiginta ita ce: idan saurayi daga Baure ko Zango ko Sandamu ya fito daga gidan yarin Daura riƙe da wannan takarda, me za ta wanke masa, me kuma ba za ta iya wankewa ba?

4.2 Daga Gidan Yari zuwa Gidan Gyaran Hali

Abu na farko da dokar ta yi shi ne sauya suna. A bakin 'yan jarida da ma'aikata, gidan yari ya koma gidan gyaran hali. Wannan sauyi ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazarin harshe, domin kalmar yari tana ɗauke da tarihi. Yari sarauta ce, wato shugaban masu tsaron kurkukun sarki. A zamanin En'e fursuna ba ɓoyayyen mutum ba ne. Ana fito da 'yan sarƙa da rana tsaka su yi sharar kasuwa da gyaran hanya da sauran ayyukan gari, kowa yana ganinsu, yara suna nuna su da yatsa. Ko bayan da aka kafa dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a 1960, an bar bulalar haddi ga Musulmi a kan wasu laifuka kamar shan giya, kuma an tsara yin ta ta yadda abin da mai laifi zai ji shi ne kunya fiye da zafi. Ke nan hukuma da kanta ta daɗe tana amfani da idon jama'a a matsayin wani ɓangare na horo.

A shekarar 1968, shekara biyu bayan hawan Sarkin Daura Muhammadu Bashar, aka raba sarakuna da kotunansu, gidajen yarin En'e kuma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. Yari ya rasa gidansa, amma sunan bai bar gidan ba har tsawon shekara hamsin. Idan kuwa sunan ya daɗe haka, to tunanin da ke ƙarƙashinsa ya fi shi daɗewa. Dokar 2019 ta ginu ne a kan cewa hali yana gyaruwa. Bahaushe kuwa cewa ya yi hali zanen dutse, ya kuma ƙara da cewa mai hali ba ya fasa halinsa. Waɗanda suka tsara dokar ba su nuna alamar sun san da wannan karo ba, ko kuma sun ɗauka takarda mai hatimi za ta raba gardamar.

4.3 Inda Tabon Yake Samo Asali

Babban raunin sashe na 14, a ganin wannan nazari, shi ne ya tsaya a ƙofar fita, alhali tabon a ƙofar shiga ake yin sa, wato ranar da aka gurfanar da mutum aka tambaye shi ko ya amsa laifinsa. Don a fahimci wannan, dole a waiwayi matsayin lauya a kotunan Arewa.

A zamanin mulkin mallaka da Jamhuriya ta Farko, doka ta hana lauya tsayawa a kotun alƙali da ta sarki. Hujjar da ake bayarwa ita ce shari'ar Musulunci tana da nata tsarin kariya: alƙali ba ya yanke hukunci sai ya tantance adalcin shaidu, sai kuma ya yi wa wanda ake tuhuma i'izari, wato ya ba shi dama ta ƙarshe ya soki shaida ko ya kawo wata hujja. A hannun alƙali masani mai tsoron Allah wannan kariya ce ta gaske. Amma tarihin siyasar shekarun 1950 ya nuna abin da kan faru idan alƙali ma'aikacin En'e ne, wanda ake tuhuma kuma ɗan adawar En'e ne. 'Yan jam'iyyar NEPU da dama sun sha ɗauri a kotunan alƙalai a kan laifuka irin su yin lacca ba izini ko zagin sarauta, ba tare da mai kare su ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ita ce misalin da ya fi shahara. Hanin bai kau ba ko da aka kafa kotunan yanki a 1968. Sai a 1982, a shari'ar Uzodinma da Kwamishinan 'Yan Sanda, Babbar Kotun Jihar Binuwai ta ce sashe na 390 na dokar tsarin shari'ar laifuka, wanda ya hana lauya bayyana a kotun yanki, ya saɓa wa Tsarin Mulki na 1979. A yau sashe na 36 na Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa kowane wanda ake tuhuma 'yancin ya kare kansa da kansa, ko ta bakin lauyan da ya zaɓa.

Sai dai 'yancin zaɓen lauya na mai abin biyan lauya ne. Hukumar ba da taimakon lauyoyi kyauta, wadda aka kafa a 1976 aka kuma sabunta dokarta a 2011, ofishinta na jiha yana birnin Katsina, kimanin kilomita 80 daga Daura, ga kuma ƙananan hukumomi 34 da ke jiran ta. Ba a tsammanin ta halarci kowace ƙaramar kotu a ranar da aka fara karanta tuhuma. Ga shi kuwa a ƙananan laifuka wannan rana ita ce shari'ar gaba ɗaya. Tun a dokar 1960, sashe na 157 ya yarje wa kotu ta yanke hukunci nan take idan wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, kuma sababbin dokokin da jihohi suka yi daga baya ba su rufe wannan gajeriyar hanya ba.

Alal misali, a ɗauka an kama wani saurayi a kasuwar Mai'aduwa da akuyar da ya ce saye ya yi, mai ita kuma ya ce tasa ce aka sace. Ya kwana uku a caji ofis. Kafin a shiga kotu wani ya raɗa masa cewa idan ya musa za a kai shi gidan yari jiran shari'a, ga neman mai tsaya masa beli, ga ɗage zama wata bayan wata, ga damina ta kawo jiki. Idan kuwa ya amsa, tara ce kawai, danginsa su haɗa su biya, ya kwana gida. Shawarar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa take da haɗari. Abin da ba a gaya masa ba shi ne daga wannan rana ya zama mutumin da kotu ta samu da laifin rashin gaskiya. Zai gane haka ne bayan shekaru, ranar da ya ɗauki fom ɗin shiga aikin ɗan sanda ko soja ko na gwamnati, ya tarar da tambayar ko an taɓa yanke masa hukunci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Irin wannan mutum ma bai kwana a gidan gyaran hali a matsayin ɗaurarre ba, saboda haka babu gandiroban da zai shaidi halinsa, kuma sashe na 14 bai san da zamansa ba.

Shari'o'i biyu da aka yi a wannan jiha, ko da yake ba a masarautar Daura ba, sun isa su nuna nauyin kariya. A watan Maris na 2002 kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal Kurami hukuncin jefewa, ba ta da lauya a lokacin. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na wannan shekara. A ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar, ta sallame ta. Abin lura shi ne lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da abokan aikinsu, ba su fita daga cikin fiƙihun Malikiyya ba. Sun kafa hujja da cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, da cewa mazhaba ta yarda da kwantaccen ciki wanda ake iya danganta shi ga tsohon miji, da kuma cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a kotun farko saɓanin yadda dokar jiha ta tsara. Duk waɗannan hujjoji suna nan tun ranar farko a Bakori. Wanda zai faɗe su ne babu. A ɗaya gefen kuma akwai Sani Yakubu Rodi, wanda wata kotun shari'a a Katsina ta samu da laifin kisa a ƙarshen 2001. Ba shi da lauya, bai ɗaukaka ƙara ba, aka rataye shi a gidan yarin Kaduna a ranar 3 ga Janairu, 2002. Ba a nan ake cewa bai aikata ba. Abin da ake cewa shi ne babu wata kotu ta sama da ta sake duba shari'ar kafin a zartar da hukuncin da ba a iya warware shi.

4.4 Rajista Biyu

Wanda aka taɓa yanke wa hukunci a ƙasar Daura sunansa yana shiga rajista biyu. Ta farko ita ce ta hukuma: littafin kotu, da zanen yatsun da 'yan sanda suke ɗauka, da kuma babbar rajistar masu laifi wadda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Tarayya ta 2015 ta ce a kafa a hannun 'yan sanda. Ta biyu ita ce ta bakin mutane, wadda ba ta da magatakarda, ba ta kuma ɓata ko gobara ta ci ta.

Dangane da rajistar farko, sashe na 14 bai goge komai ba. Bai ce hukuncin ya faɗi ba, bai ce mai takardar yana iya amsa tambayar fom da a'a ba, kuma bai faɗi horon da za a yi wa ma'aikata ko kamfanin da ya ƙi ɗaukarsa ba. Ka'idojin aikin gwamnati har yanzu suna sa shinge a gaban wanda aka taɓa samu da laifi. Tsarin Mulki, wanda yake sama da kowace doka, ya hana wanda aka yanke wa hukunci a kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa har sai shekara goma ta wuce, kamar yadda yake a sassa na 66 da 107 da 137 da 182. A nan ma akwai abin koyi da masu dokar 2019 suka tsallake, domin Tsarin Mulki ya sa wa'adi. A Ingila, inda Nijeriya ta gaji mafi yawan tsarin kotunanta, tun 1974 aka yi dokar da ta ce bayan wasu shekaru, gwargwadon nauyin hukuncin, ƙaramin laifi ya zama tamkar ba a yi shi ba, mutum ba dole ne ya ambace shi wurin neman yawancin ayyuka ba. Nijeriya ba ta da irin wannan doka ta gama-gari. Abin mamaki ke nan: ɗan siyasa ya san ranar da shingensa zai faɗi, mai neman aikin masinja bai sani ba.

Hanya ɗaya da take wanke hukunci sarai ita ce afuwa, wadda sashe na 175 ya bai wa shugaban ƙasa, sashe na 212 kuma ya bai wa gwamna. Idan aka dubi waɗanda suka fi cin moriyarta, za a ga inda ta karkata. Janar Olusegun Obasanjo, wanda aka ɗaure a 1995 zamanin Abacha, sai da Janar Abdulsalami Abubakar ya yi masa afuwa a 1998 kafin ya tsaya zaɓen 1999. Salisu Buhari na Kano, Kakakin Majalisar Wakilai da ya sauka a 1999, ya amsa laifin amfani da takardun jabu, aka ba shi zaɓin tarar Naira 2,000, a shekarar 2000 kuma aka yi masa afuwa. A watan Afrilu na 2022 tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, suna cikin mutum 159 da gwamnatin Shugaba Buhari ta yi wa afuwa. Gaskiya ne gwamnoni sukan saki ƙananan fursunoni lokacin bukukuwa, ko wani mai hali ya biya musu tara, amma saki daban, goge hukunci daban. Saurayin akuyar Mai'aduwa ba shi da wanda zai kai sunansa gaban Majalisar Ƙoli ta Ƙasa.

Tarihin shi mai sa hannu a dokar ma yana da darasi a nan. An tsare Janar Buhari daga watan Agusta na 1985 zuwa Disamba na 1988, fiye da shekara uku, amma ba a taɓa gurfanar da shi a kotu ba, saboda haka babu hukunci a kansa, kuma bai buƙaci afuwar kowa ba da ya fito takara a 2003. Wannan ya nuna rajistar hukuma ba ta ƙirga kwanakin da mutum ya yi a kulle. Kalmar alƙali kawai take rubutawa. Rajistar bakin mutane kuwa akasin haka take. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Nijeriya masu jiran shari'a ne. Talakan da ya yi shekara biyu yana jira, daga baya aka sallame shi don babu shaida, a wurin hukuma fes yake. A unguwarsu kuwa tsohon fursuna ne, don ba wanda zai tsaya bambance jiran shari'a da ɗauri. Shi ma dokar ba ta tanadar masa komai ba.

Ana buɗe wannan rajista ta biyu ne a wuraren da rayuwar Bahaushe ta dogara a kansu. Idan ya je neman aure, iyayen yarinya za su aika a yi bincike, kuma mai binciken ba kotu zai je ba, wurin maƙwabta zai je da abokan sana'a da limamin unguwa. Idan yana son a ba shi jari ko bashin kaya a kasuwa, sai an sami wanda zai tsaya masa. Idan takardar shaidar zama ɗan ƙasa yake nema, ko mai sa masa hannu a fom ɗin aiki, hanyar ta bi ta ƙofar mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda suka san ranar da aka tafi da shi. Idan aka yi sata a unguwa, ƙofarsa ake fara kallo. Abin ma yakan wuce kansa ya zama abin gori ga 'ya'yansa a dandali, da ƙannensa mata a gidan miji. Mai kula da gidan gyaran hali ma'aikacin Tarayya ne da ake iya kawowa daga kowace jiha; sa hannunsa ba shi da nauyi a zauren da ake yanke maganar aure.

4.5 Abin da Dokar ta Samu a Ƙasa ba ta Ɗauka ba

Ba daidai ba ne a ce al'ummar Daura ba ta san hanyar mayar wa mutum da mutuncinsa ba. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, hukuncin shi ne wanda aka yi wa haddi idan ya tuba ana karɓar shaidarsa, sai dai a kan irin laifin da aka yi masa haddin. Wannan ƙa'ida ta fi sashe na 14 zurfi ta fuska biyu. Ta ƙayyade tabon, ta tsare shi a inda yake da alaƙa da laifin, ba ta bar shi ya malale a kan rayuwar mutum duka ba. Sannan ta ɗora tabbatar da tubar a kan mutanen da suke zaune da shi, suke ganin shigarsa da fitarsa bayan ya dawo gida. Kyawun halin da aka nuna a bayan katanga, inda babu akuyar kowa balle kuɗin kowa, shaida ce mai rauni, jama'a kuma sun san haka.

A cikin dokar ta 2019 kanta akwai sashen da ya fi dacewa da ƙasar Daura, ko da yake ba shi aka fi yayatawa ba. Kashi na biyu na dokar ya tanadi horon da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki da sakin talala, sashe na 43 kuma ya yarda da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, da zaman dangi, da sasantawar jama'ar gari, tun kafin a fara shari'a har zuwa bayan an fito. Sulhun da aka yi kafin hukunci shi kaɗai ne yake hana sunan mutum shiga rajistar hukuma, kuma da yake a gaban mutanen gari ake yin sa, mai akuya ya karɓi haƙƙinsa ya ce ya yafe, yana rage kaifin rajista ta biyu ma. Masu unguwanni da dagatai na masarautar sun daɗe suna wannan aiki ba tare da wata doka ta san da su ba. Sai dai dole a yi hattara. Sulhu a gaban mai sarauta yakan karkata ga mai ƙarfi, kuma akwai laifuka irin su fyaɗe da kisa waɗanda rufe su da sunan sulhu zalunci ne na biyu a kan wanda aka cuta. Dokar ba ta fayyace matsayin masu sarauta a wannan sha'ani ba, ba ta kuma ce dole a sanar da wanda ake tuhuma wannan hanya kafin a tambaye shi ko ya amsa laifi ba.

Tun watan Maris na 2023, bayan gyaran Tsarin Mulki da ya mayar da sha'anin gidajen gyaran hali cikin abubuwan da Tarayya da jihohi suke tarayya a kansu, Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana da ikon yin tata dokar. Idan ta tashi yi, gurbin da za ta fara cikewa yana ƙananan kotunan Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu: kada alƙali ya karɓi amsa laifi daga wanda ba shi da lauya sai ya bayyana masa da Hausa, a rubuta a littafin kotu, cewa hukuncin zai bi shi wurin neman aiki da takara ko da tara kawai aka ci shi.